Wadda Waya Ta Kai Ramin Marowata

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso, kunnenmu na wurinki.

To, a gyara zama. A garin Makka, unguwar Rusaifa, an yi wasu dattijai mata biyu, Hajiya Rahmatu da Hajiya Hussaina. A tsohuwar unguwar Tandabawi aka haife su, lungu ɗaya, ƙofa na kallon ƙofa, tun zamanin da yarinya za ta fito daga gida da ƙafa ta isa Harami kafin liman ya yi kabbara. Iyayensu maza Kanawa ne da suka zo aikin hajji ta ƙasa, ta Sudan, suka ga wuri suka zauna. Sai dai baban Hussaina ya riga isowa da shekara huɗu, ya tarar ana rubuta mazauna gari ana ba su tabi'iyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, ya karɓi tasa. Shi kuwa baban Rahmatu ya tsaya tsinkar auduga a hanya yana neman guzuri, ko da ya iso an rufe littafin. Shi ke nan fa. Hussaina ta tashi 'yar ƙasa. Rahmatu, shekara sittin da uku a duniya, ba ta taɓa kwana a wani gari ba in ba Madina ba, amma da iƙama take zaune, takardar baƙi, ana sabunta mata kamar wadda ta sauka jiya.

Wannan abu bai hana su ƙawance ba. Da rusau ya tashe su daga tsohuwar unguwa, tare suka nemi gida a Rusaifa, layi ɗaya. Rahmatu mace ce mai hannu da baki. Tana da wurin girki a Kudai, kusa da tashar motocin alhazai, tuwo da miyar kuka da farfesu, mutanen Najeriya da Nijar in sun gaji da shinkafar Larabawa can suke tururuwa. Hussaina kuwa shiru-shiru ce. Ita ke yi wa matan unguwa wankan gawa, ba ta fashin azumin Litinin da Alhamis, mijinta Malam Hashimu ya rasu ya bar mata yara biyar ta riƙe su ba a taɓa jin kukanta ba. In an ambaci Hussaina sai a ce baiwar Allah. In an ambaci Rahmatu sai a ce akwai daɗin miya.

Ƙawance ya kai ga surukuta. Fahad, autan Rahmatu, ya auri Shahad 'yar Hussaina, malamar tarihi a makarantar 'yan mata. Gidan da suke ciki da sunan Shahad aka kama, motar ma haka, don ita ce mai takarda. Rahmatu ba ta taɓa cewa komai ba, amma tana gani. A shekarar 2014 Shahad ta samu ciki, likita ta ce mace ce. Tun ranar da Rahmatu ta ji, abu ɗaya ya zauna mata a rai, sunan yarinyar. A ganinta 'yar fari sunan uwar miji take ci, haka ta taso ta gani. Amma ta san gidan nan komai na cikinsa daga wancan ɓangaren ya fito, to me zai hana suna ma ya bi? Ba ta tambaya ba, don ba a tambaya. Kunne kawai ta kasa.

Wata Alhamis bayan magariba mata suka taru shan shayi a gidan Shahad, kamar yadda suka saba tun da cikin ya tsufa ta daina zuwa makaranta. Akwai iyayen biyu, akwai maƙwabta, Shatu da Hajo. Shahad zaman gida ya ishe ta, kullum tana kan jawwal, wayarta. Sai ta ce ta tsinci wani wasa a intanet mai ban dariya, da Turanci yake, tambayoyi ashirin ne a kan halin mutum, in ka amsa sai ya faɗa maka inda malaman Kiristocin Katolika na shekaru ɗari bakwai da suka wuce za su ajiye ka a lahira. Mata suka ce astagfirullah, wa ya san lahirar wani in ba Allah ba. Shahad ta ce ai ba imani za a yi da shi ba, tarihi ne, ita abin da take koyarwa ke nan, a san yadda mutanen da suke tunani. Suka sake cewa astagfirullah, sannan suka matso da kujerunsu.

Da ƙyar aka shawo kan Hussaina ta fara. Shahad na fassarawa, rabi Hausa rabi Larabci, uwar na amsawa ba ƙari ba ragi. Kina ziyartar marasa lafiya? Ta ce tana zuwa. Kina ba mabuƙaci? Ta ce in ta samu. Kina riƙe mutum a zuciya? Ta yi tunani ta ce ba ta jin tana yi. Aka gama, Shahad ta danna, ta karanta. An ajiye Hussaina a wani wuri da suke kira Limbo, wani zaure ne a bakin lahira, ba wuta ba azaba, na mutanen kirki waɗanda ba a yi musu wankan baftisma na shiga Kiristanci ba. Shafin ya ce a nan ne salihan Bani Isra'ila na farko suka yi zaman jira.

Shatu ta tafa hannu ta ce, "To kun ji. Ko Nasara sun san Hajiya Hussaina."

Shahad ta ce a bi a hankali, wurin ba aljanna ba ne a wajensu, bakin ƙofa ne kawai. Ba wadda ta saurare ta. Hussaina ta rufe fuska da mayafi tana cewa su bari, Allah Ya rufa mana asiri.

Sai aka zo kan Rahmatu. To a nan ne ta yi abin da ya jawo komai. Ita tun tana ƙarama uwarta ta dasa mata cewa alherin da ka faɗa da bakinka ka zubar da ladansa, laifi kuwa in an tambaye ka ka amsa, don mai musun laifi shi ne mai girman kai. Ga mata huɗu sun zuba mata ido. Kina ba mabuƙaci? Ta ce ina ta ga abin bayarwa. Kin taɓa ciyar da wani ba don ya biya ki ba? Ta ce ita sayarwa take yi. Kina ziyartar marasa lafiya? Ta ce girki bai barinta. Kina da saurin fushi? Ta ce sosai. Kina son abin duniya? Ta ce wa ba ya so. A ranta tana jin ta yi abin da ya dace da musulmar ƙwarai, har tana tausaya wa Hussaina da ta zauna tana lissafa kyawawan halayenta a gaban jama'a. Ta ɗauka wayar za ta gane kawaici, kamar yadda kowace mace a ɗakin ta gane.

Wayar ba ta gane ba. Shahad ta duba, ta ce bari a bar shi. Hajo ta ce wallahi sai an karanta. Aka karanta. An kai Rahmatu can ƙasa, ramin marowata da masu faɗa.

Ɗaki ya ɗauki dariya. Hajo har da riƙe ciki, ta ce shi ya sa naman miyar Kudai sai an sa tabarau ake ganinsa. Rahmatu ma ta yi dariyar, har ta fi kowa ƙarfi. Ana cikin haka Fahad ya dawo daga aiki, ya tsaya daga bakin ƙofa ya gaishe su, aka ba shi labari. Ya yi murmushi ya ce, "To ai an hutar da mu neman suna. Sai a sa wa yarinya sunan mai zaure, kada ta gaji rami."

Wasa yake yi. Kowa ya san wasa yake yi. Amma Rahmatu ta ga Shahad ta sunkuyar da kai tana murmushi tana shafa cikinta, ta ga Hussaina ba ta ce a'a ba. Shayin da ke hannunta ta ajiye shi, ba ta ƙara kurɓa ba.

Sati guda abin na cin ta. Ta san shirme ne. Ta faɗa wa kanta sau ɗari cewa wani ne can a ƙasar Turawa, wanda bai san alƙibla ba, ya zauna ya shirya tambayoyinsa. Amma labari ya zaga layi. In ta wuce sai ta ji ana cewa ina kwana mai rami, cikin raha, ita ma ta amsa cikin raha. Hussaina kuwa ta zama mai zaure. A wurin girki ta yi wa masu taya ta aiki faɗa a kan albasa har suka kalli juna. Ranar Talata ta tafi Harami da hantsi ta yi ɗawafi ko zuciyarta za ta sauka, ta yi salla raka'a biyu a bayan Maƙamu Ibrahim, tana sallamewa tunanin ya dawo. Wato ita Hussaina ko a littafin waɗanda ba su san ta ba ita ce a sama. Takarda tata, yabon unguwa nata, gidan da jikar za ta tashi na 'yarta. Yanzu suna ma.

Ranar Laraba da safe ta dafa farfesun kaza ta ɗauka ta nufi gidan Shahad, lokacin da ta san Fahad ya fita, Hussaina kuma ta tafi wankan wata tsohuwa da ta rasu a Kudai. Ta ajiye kwano, ta tambayi jiki, ta yi zancen zafi, ta yi zancen tsadar tumatir. Can ta ce, "Ke 'yar nan, ɗauko wayar nan taki. Ranar nan ban ji tambayoyin da kyau ba."

Shahad ta ce, "Ya Khala, har yanzu abin nan na ranki? Wallahi wasa ne." Khala, wato inna da Larabci, take ce mata tun tana yarinya, aure bai sauya ba.

"Na san wasa ne. Ɗauko."

Aka sake daga farko. Wannan karon Rahmatu ta amsa gaskiya, tana yi tana kallon ƙofa kamar mai sata. E, tana bayarwa. E, ta ciyar ba don a biya ta ba. E, tana zuwa asibiti, duk Juma'a ma, wurin alhazan da ciwo ya tsare ba su da kowa. Fushi dai ta ce a bar shi yadda yake, ba za ta yi ƙarya ba. Shahad ta danna. Zaure ya fito, wurin Hussaina.

Shahad ta yi murna ta ce to ga shi, an fito da Khala, bari ta tura wa su Hajo. Rahmatu ta riƙe mata hannu. Ta ce a'a, tukuna. Ta ce wato duk wannan abin da ta fallasa, iyakarsa a zaunar da ita gefen Hussaina? Babu wani wuri sama da wannan?

Shahad ta ce akwai, amma ba nasu ba ne. Ta gyara zama, malanta ta motsa, ta yi mata bayani. Su malaman Katolika na wancan zamani, a wurinsu ba mai wuce zauren nan sai wanda aka yi wa baftisma. Kome kirkin mutum, in babu wannan, nan zai tsaya. Rahmatu ta ce to su salihan Bani Isra'ila da aka ce sun yi jira a wurin, jiran me suka yi, ina suka tafi? Shahad ta ce a faɗarsu, waɗannan sun rayu kafin zuwan Annabi Isa, sun mutu suna sa ran zuwansa, shi ya sa da ya zo ya buɗe ƙofa ya fitar da su zuwa aljanna. Har da Annabi Ibrahim da Annabi Musa suke lissafawa a ciki.

Rahmatu ta ce, "Annabi Ibrahim? Wanda na yi salla a bayan sawunsa jiya? Shi suka zaunar a zaure yana jira?"

"Faɗarsu ce, Khala, ba tamu ba."

"Allah Ya shirye su. To Yahudawan yanzu fa? Su ma fitar da su ake yi?"

Shahad ta ce bari ta gwada. Ta koma baya, ta bar amsoshin yadda suke, ta sauya addini kawai ta sa Bayahude. Zauren ne dai ya sake fitowa. Ta ce ai ma mai shafin ya yi sassauci, da yawa daga malaman can da ko zauren ba za su ba su ba, don a ganinsu wanda ya zo bayan Annabi Isa ya ji labari ya ƙi, ba shi da uzuri. Sai ta gangara ƙasan shafin inda mutane ke rubuta ra'ayinsu, ta ce ga ma wani Bayahude nan ya yi dogon rubutu, da alama dattijo ne, mutane sun yi ta ja da shi. Rahmatu ta ce a karanta mata.

Mutumin cewa ya yi, shi abin da kakannin kakanninsa suka yi imani da shi, shi yake bi, bai ƙara ba bai rage ba. Addu'ar da suka yi ita yake yi, ranar hutun da suka kiyaye ita yake kiyayewa, abin da suka ƙi ci shi ma ba ya ci. To ta yaya wannan lissafi zai ɗauke su ya kai sama, shi kuma a bar shi a bakin ƙofa? Ya ce ya duba ya duba bai ga bambancinsa da su ba, sai ranar haihuwa. Su sun zo kafin a rufe, shi ya zo bayan an rufe.

Rahmatu ta ƙura wa wayar ido. Ba ta taɓa ganin Bayahude da idonta ba, ba ta kuma taɓa zaton za ta ji maganar wani daga cikinsu ta shige ta haka ba. Ta ce a sake karanta mata ƙarshen. Aka sake.

Ta ce, "Wannan bawan Allah ya san abin da yake faɗa. Shekara huɗu, 'yar nan. Kakanki da ubana gari ɗaya suka baro, hanya ɗaya suka bi, Ɗakin Allah ɗaya suka zo gani. Shekara huɗu ce ta sa uwarki ta zama 'yar gida ni na zama baƙuwa. Ɗana yana zaune a gidan da ba zai iya sa sunansa a takardarsa ba."

Shahad ta ce, "Khala, wannan ai ba laifin Ummi ba ne."

Da a nan Rahmatu ta tsaya, da an rabu lafiya. Amma abin da ya taru shekara da shekaru ya riga ya taso mata, ga kuma yarinya ta kare uwarta da sauri haka. Ta ce ita ba ta ce laifin kowa ba ne. Ta ce amma a daina zaunar da ita wuri ɗaya da Hussaina ana cewa an yi mata alfarma. Baiwar Allah, baiwar Allah, ta riƙe marayu biyar ba a ji kukanta ba. An taɓa tambaya me ya sa ba a ji ba?

"Buhun shinkafa da garwar mai da sukari da ke zuwa gidanku duk wata daga kantin Mukhtaru, tun rasuwar babanku, wa kike tsammani?"

Shahad ta ce wakafi ne, na wani Alhaji Zali da ya rasu ya bar wasiyya a ciyar da marayu. Haka Mukhtaru mai kanti ya faɗa musu.

"Babu wani Alhaji Zali. Mukhtaru ne ya ƙago shi da na ce kada ya ambace ni. Shekara goma sha shida. Tuwon Kudai kika ci kika girma har kika zama malama."

Tana rufe baki ta so a ce ba ta buɗe ba. Shahad ba ta yi kuka ba, ba ta yi godiya ba. Ta kife wayar a kan kujera, ta kalli kwanon farfesun, ta kalli surukarta, fuskarta ta yi wani iri kamar wadda aka buɗe wa ƙofar banɗaki. Rahmatu ta fara kame-kame. Ta ce zancen ya tsaya a nan, don Allah kada uwarta ta ji, ita ba da wata manufa ta faɗa ba. Shahad ta amsa da Larabci, abin da ba ta saba yi da ita ba, ta ce ba ta taɓa ɓoye wa Ummi komai ba, ba kuma za ta fara da wannan ba. Sannan ta ce tana so ta ɗan kwanta.

Kwana uku Rahmatu ba ta ji motsin kowa ba. Alhamis ta zo ba a kira ta shayi ba, ita ma ba ta je ba. Ta yi istigfari har ta gaji. Wani lokaci ta ji kunya kamar ta nutse, wani lokaci kuma ta ce to ƙarya ta yi? Ai gaskiya ta faɗa. In yarinyar nan tana da hankali yanzu ta san sunan wa ya kamata a sa. Sai kuma kunyar ta dawo.

Ranar Asabar da hantsi, tana tsince wake a tsakar ɗaki, aka yi sallama. Hussaina ce. Ta shigo ta zauna inda ta saba zama, ta jawo tiren ta fara taya ta tsincewa. Suka gaisa, suka tambayi yara. 

Can Hussaina ta ce, "Shekara goma sha shida ina yi wa Alhaji Zali addu'a. Duk Juma'a. Na yi masa umara sau uku, Rahmatu, da ƙafafun nan nawa masu ciwo. Har yanka na sa aka yi masa wata shekara. Yanzu ina duk wannan ya tafi?"

Rahmatu ta ce Allah ai Ya san mai shi.

"Ya sani. Ni ce ban sani ba. Ina zaune kusa da ke ina ba ki labarin kirkin mutumin, kina cewa Allah Ya ji ƙansa."

Rahmatu ta sunkuyar da kai. Ta ce ta yi kuskure, shaiɗan ne, da wayar nan.

Hussaina ta ce ba ta zo faɗa ba. Ta ce abin da aka yi mata ba ta da bakin godiya, yaranta sun ci sun ƙoshi, wannan ba abin da zai goge shi. Amma ta biya ta kantin Mukhtaru ta ce masa daga wannan wata ya daina kawowa, yara sun girma, akwai wata bazawara 'yar Nijar a bayan layinsu mai ƙananan yara, in mai wakafin ya yarda a mayar can. Ta faɗi mai wakafin ba tare da ta ɗago kai ba. Sannan ta ce akwai magana ta biyu. Shahad tun cikin yana wata uku take roƙon mijinta a sa wa yarinya Hussaina, shi kuma yana ta jan ƙafa don kunyar uwarsa. Jiya ita Hussaina ta tara su ta ce ba ta yarda ba. Rahmatu za a sa.

Abin da Rahmatu ta yi wata biyar tana so ke nan, ga shi an miƙo mata a kan tiren wake. Ta ji daɗi, kada a yi ƙarya, daɗin ya zo kafin komai. Sai kuma wani abu ya biyo bayansa mai ɗaci. Ta ce ita ba ta son a ba ta suna saboda shinkafa.

Hussaina ta ce, "To saboda me kika faɗa?"

Rahmatu ta ci gaba da tsince wakenta. Hussaina ta kakkaɓe zaninta ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo ta ce zancen shinkafa daga ita sai Shahad, ko Fahad ba su gaya wa ba, ba kuma za su gaya wa kowa ba, don a rage mata wani abu daga ladan da saura kaɗan ta zubar duka. Ta ce Alhamis a zo shayi, kada mutane su fara tambaya.

Bayan kwana goma sha biyu Shahad ta sauka lafiya. Ranar suna aka yanka rago, aka yi wa jaririya aski, liman ya yi huɗuba ya ce sunanta Rahmatu. Aka yi guɗa. Rahmatu ta sha sabon leshi, ta ɗauki takwararta ta rungume, hawaye na zuba mata na gaske. Tana cikin wannan hali ta jiyo Shatu daga bayanta tana ba wasu baƙi labari, cewa ai 'yar ta so sunan uwarta, uwar ce da kanta ta ce a'a, a ba ƙawarta, don ta ga abin ya dame ta. Hajo ta ce wannan hali sai Hussaina, wa zai iya. Wata ta ce shi ya sa ko wayar Nasara ta san inda ta ajiye ta. Mata suka taso ɗaya bayan ɗaya suna zuwa gaishe da Hussaina, suna sa mata albarka, ita tana rufe fuska tana cewa su bari. Wadda ta biyo ta wajen Rahmatu sai ta leƙa jaririya ta ce masha Allah, mai rami an samu takwara, Allah Ya sa ta ɗauko hannun miya.

Rahmatu ta buɗe baki, ta dubi Shahad da ke kwance tana kallonta, ta rufe. Ta ce amin.

Yarinya ta tashi lafiya, sai dai ba mai kiranta Rahmatu, don Fahad ba zai iya faɗin sunan uwarsa ba, Ummi ƙarama ake ce mata. Shahad ta koma makaranta bayan wata uku, tana girmama surukarta kamar da, amma ba ta ƙara cin abincin da ta aiko ba sai ta ba miji. Mukhtaru ya ci gaba da kai buhu gidan bazawarar nan da sunan Alhaji Zali. Hussaina ta ci gaba da wankan gawa har ƙafa ta hana ta, tana zuwa shayin Alhamis, tana zama kusa da ƙawarta. Rahmatu kuwa tana nan da wurin girkinta a Kudai, tana sabunta iƙamarta duk shekara, kuma har yau in aka yabi Hussaina a gabanta sai ta tashi ta ce bari ta duba tukunya.